Laftof ɗin Hauwa da Sabuwar Ƙwaƙwalwa

"Mu dakata, Sabi'u. Rediyo ta ce an ƙera wa kwamfuta sabuwar ƙwaƙwalwa, kada mu sayi tsohon yayi."

Baffana ke nan jiya a bakin titin Nasarawan Doya, muna jiran motar Zariya. Rakensa ya sayar don ya saya wa 'yarsa Hauwa laftof, domin bayan Sallah za ta miƙa furojet ɗinta.

Bana na gama karatun kwamfuta, kuma ina tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Na ce, "Baffa, ranar zuwanta ban sani ba, amma hanyarta na sani. Masu tsada ake fara sa wa, sannan na talakawa. Mu kuwa sai an more ta a Turai take sauka shagunanmu. A hasashena, sai Hauwa ta gama bautar ƙasa."

Ya tuntsire da dariya. "Ashe takin zamanin da gwamnati ke rabawa ne! A ji shi a rediyo da shuka, ya iso bayan girbi. Tsayar mana da motar nan."

Mun sayo laftof ɗin, yanzu haka Hauwa tana buga babi na biyu.

Masana, idan hasashena ya kauce, ku gyara mini a ƙasa.