Hannun da Mama Ta Ɗaure

Ranar Lahadin da na juya wa Madam Odil shafi ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

A lokacin ina shekara ta huɗu a ƙaramin zauren kiɗa da ke kusa da Germantown, can ƙasar waje, ina mataimakiyar mai kula da dandali. Jera kujeru, gyara fitilu, kai ruwa, nawa ke nan. Ranar Juma'a mai juya wa mai fiyano shafin rubutun kiɗa ta kwanta rashin lafiya, manaja ya tuna na koyi karanta rubutun kiɗa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Jos, sai ya ce in cike gurbi.

Sonata za a yi, wato kiɗan mutum biyu mai kashi uku, fiyano da celo, babban gogen nan da ake jinginawa a ƙirji. Ta wani Bafaranshe ce da duniya ta manta. Mai fiyanon, Madam Odil, tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Takardun kiɗan kuma marigayi mijinta ne ya kwafe su da hannunsa. Wannan ne hawanta dandali na ƙarshe, in ta ɓace a layi babu wata rana.

Ƙa'idar aikin ita ce ka zauna hagu da mai fiyano, ka miƙe, ka kama kusurwar shafi ta sama da hannun hagu. Ni kuwa bahaguwa aka haife ni, Mama ta sha ɗaure mini hagun da ɗankwali lokacin cin tuwo, har na daina miƙa wa babba komai da shi. A wajen gwaji sai ga hannuna na dama ya ratsa gaban tsohuwar, ya tare mata layi biyu. Sau uku ina yi. Ta tsaya, ta tambayi dalili, na gaya mata ina jin kunya, Mama ta hana ni miƙa wa babba hagu.

"'Yata," in ji ta, "hannun da mamarki ta hana nake roƙo. Ki ara mini shi minti ashirin."

Ran Lahadi da yamma na san halin damata, ba ta jin magana. Na naɗe ta da bakin gyalena, na danne a cinya. A kashi na biyu celo ya sauka ƙasa ƙasa, kamar yadda Mama ke waƙa a maƙoshi tana tankaɗe. Shekara tara ban ga gida ba, ko jana'izarta ban samu ba. Idona ya cika, rubutun ya dushe, na tsorata ƙwarai. Na ga kan Madam ya ɗan sunkuya, alamar a juya. Hagu ta tashi da kanta, shafi ya kwanta lafiya. Haka har ƙarshe.

Bayan tafi, Madam ta riƙe hannun nan da nata biyu.

Abin da na koya shi ne, a dandali ladabi shi ne kada ka tare wa mai kiɗa ido, ko da tarbiyyar gidanku za ka ajiye. A mota na ciro waya don in tsokani Mama cewa yau an roƙi hagun da ta ɗaure. Sai da na gama danna lambarta na tuna babu mai ɗauka.