Wayar da Ta Ratsa Ɗakin Inna

Lokacin da arzikin mai ya iso mana har aka kafa turakun lantarki a Kankiya, gidanmu ne ya fara samun mita a unguwa, domin yayana ma'aikacin hukuma ne, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni kuwa ina koyar da lissafi a Kusada, sai ƙarshen mako nake hawo keke in zo gida.

Wayar da aka ja mana siririya ce, ta ƙwan fitila biyu zuwa uku. Daga zaure ta shiga ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ta bi jikin azara, daidai saman inda take jibge audugarta. Inna kaɗi take yi tun kafin a haife mu, rabin ɗakin nan auduga ce da zare.

Yaya mutum ne mai son a yabe shi. Maƙwabcinmu na gabas ya roƙi ƙwai ɗaya, aka ƙulla masa waya daga bayan ɗakin Inna aka tsallaka katanga. Na yamma ya gani, shi ma ya zo. Kafin a cire amfanin gona gida uku ke sha daga wayar nan, kuma ƙwai ɗayan a baki ya tsaya, kowa ya sayo dutsen guga na lantarki, wani har da hitar dafa ruwa. Fiyus ya riƙa tsinkewa, wato ɗan silin wayar da aka sa don ya ƙone a madadin gida. Da abin ya ishi Yaya, sai ya cire shi ya naɗa jan ƙarfe mai kauri, yana murna ya yi maganin fitina.

Wata Asabar na shiga gaida Inna, na kai hannu na taɓa wayar. Ɗumi na ji kamar na kwanon koko. Na fito zaure na tarar da Yaya da maƙwabta biyu suna hira, na tsuguna na share ƙasa na fara zane da tsinke.

Na ce wutar da ke shigowa bolt ɗari biyu da arba'in ce. Dutsen guga ɗaya yana jan amfiya huɗu, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Ka raba bolt da amfiya, turjiyarsa om sittin, ka ninka su, ƙarfinsa wat ɗari tara da sittin. Guga uku amfiya goma sha biyu ke nan, ba a sa hita ba, alhali wayarmu ba ta ɗaukar fiye da biyar. Ita ma wayar tana da tata turjiyar, kuma ita ce ke komawa zafi. In abin da ke bi ta cikinta ya ninka uku, zafin sau tara yake ninkawa, ga auduga a ƙarƙashi.

Yaya ya dubi zanen, ya dube ni, ya ce, "To malam, mi kake so a yi?"

Na ce, "A mai da fiyus, Yaya, a yanke wayoyin waje."

"In yanke ma maƙwabta? Kai ka taɓa ganin Baba ya hana wani ɗibar ruwa rijiyarmu? Tashi ka ba mu wuri."

Maƙwabtan suka yi dariya, ɗaya ya ce boko ya sa yaro rowa. Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Mutum bai san abu ba, ba laifi, amma a zana masa a ƙasa ya ƙi dubawa don ƙane ne ya zana, wannan girman kai ne tsagwaronsa. Na koma wurin Inna na roƙe ta ta kwashe audugar. Ta ce ba za ta ba babban ɗanta kunya a kan maganata ba. Cikin fushi na ce mata wallahi ɗakin nan zai ci wuta.

Ya kuwa ci, wata Juma'a da hantsi, lokacin da kowane gida ke gugar kayan masallaci. Ina cikin aji aka aiko. Na iso na tarar azara ta rufta, auduga ta zama toka, Inna na kwance a ɗakin matar Yaya, hannunta na dama naɗe da tsumma. Ta koma ciki ne ciro zarenta, kuma yatsun nan ba su ƙara murza mazari ba.

Na zaci za a sunkuyar da kai in na shigo. Ina! Masu jaje suna ta cewa ƙaddara, suna kallona a kaikaice. Wata gwaggonmu ta faɗa a fili, wai yaron nan bakinsa ba kyau, shi ya kira wa ɗakin wuta. Babu wanda ya ambaci jan ƙarfen, wanda ya naɗa shi kuma yana zaure yana karɓar addu'a.

Na durƙusa kusa da Inna na yi mata sannu. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Na yahe maka. Amma don Allah, ɗan nan, kada ka ƙara yi mani lissahi bisa kai."