Katin Marites da rigar amarya

"A'uzubillahi, ni ba na duba!" na faɗa, da Marites, 'yar Filifin ɗin shagon ɗinkinmu a unguwar Madain Fahd, ta ajiye mini wani kati mai hoto irin na 'yan duba.

Saura kwana uku biki, ba a yanka rigar amarya ba, don ni da abokiyar aikina Yaya Zara muna gaba kan shugabancin shagon.

"Ba duba ba ne, ukhti, 'yar'uwata," in ji Marites. "Kalli hoton: mutum uku, gini ɗaya. Wane ne babba?"

Na ƙura ido, na kasa nunawa.

Sai na miƙa wa Yaya Zara almakashi. "Yalla, mu fara, Yaya, kin fi ni iya yanka." Na hau keken ɗinki, Marites ta jera duwatsun ado.

Uwar amarya na ganin rigar ta rangaɗa guɗa. Wallahi har yau ina alfahari da mu ukun nan.

Ku fa, wa ya taɓa sauke muku girman kai a wurin aiki?