Zoben da Ya Tsare Mana Iri

Ranar da za a kai ni ɗakin miji daga Nguru zuwa Gashuwa, kakata ta wajen uba ta kira ni ɗakinta, ta zare zoben da ke yatsanta ta zura mini. Na azurfa ne, ya sha hannu har ya yi sumul, an dasa masa wani ɗan jan dutse da bai wuce ƙwayar wake ba. Ta ce azurfar aikin maƙerin unguwarmu ce, amma dutsen kakan mahaifina ne ya zo da shi, tun zamanin da mutanen gidanmu ke bin ayarin raƙuma daga Kano zuwa arewa ta hanyar Bilma.

Na juya shi, na ga wasu 'yan ƙarce-ƙarce a jikin dutsen. Na ce, "Kaka, ai dutsen naki ya tsage."

Ta ce, "Idonki ne ya tsage. Miƙo mini furar can."

Ta gutsuri curin fura, ta danna dutsen a kai, ta ɗaga. Kai, ikon Allah! Sai ga hannuwa biyu sun fito ɓaro-ɓaro, riƙe da juna kamar masu musafaha, ga zangarniya biyu sun tsiro daga tsakaninsu. Har 'yan yatsu ana ƙirgawa. A jikin dutsen a lotse aka sassaƙa su, shi ya sa ba a gane komai sai an danna a abu mai laushi. Kaka ba ta san wanda ya yi aikin ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Ta jefa furar a baki, aka fita da ni.

A Gashuwa na tarar da surukata, Inna. Babadiya ce, wato 'yar asalin ƙabilar garin, gajera, mai tauri kamar iccen kanya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da gona tare da ɗanta guda, wato maigidana. Ba ta taɓa zagina ba, amma ba ta taɓa yaba mini ba. 'Yar Nguru take ce mini, takan kama tafin hannuna ta duba ta ce wannan hannun ƙirga goro ne. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, ina mayar mata a cikina, wani lokacin ma har ya kuɓuce ya fito. Da na haifi 'ya mace sai Inna ta narke a kanta. Ƙawata take kiranta, a bayanta yarinyar ta girma.

Abin da Inna ta fi ji da shi bayan jikarta shi ne irin geronta. Wani gajeren gero ne mai saurin nuna, tun na uban mijinta, iri ne da ya saba da yashin gonarmu da ƙarancin ruwanmu. Irin da ake kawowa kasuwa daga kudu tsawo kawai yake yi, kafin ya yi ido ruwa ya ɗauke. Duk kaka Inna ke zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke da kanta, ta cuɗa da toka don ƙwari, ta zuba a tulu, ta kife kasko, ta liƙe bakin da laka haɗe da kashin shanu. Sai ta danna babban yatsanta a kan lakar, shi ke nan sai damina.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Gero ya yi ciki, ruwa ya ɗauke, muna kallo ya ƙone a tsaye. Kogin da ke ratsa garin ya koma yashi, fadama ta tsattsage. Abin da muka girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Duk da haka Inna ta tsinto 'yan zangarniyar da suka tsira daga kwarin gona, ta cika tulunta kamar kullum. Da ta gama liƙewa sai na ga ta tsaya tana kallon yatsanta.

Ta ce, "Ke 'yar Nguru, kawo zoben nan naki mai hannuwa." Ta sha ganin ina danna shi a ƙullin tuwo don in ba yarinyar dariya.

Na ce, "Inna, ɓarawo kike tsoro?"

"Wane ɓarawo? Kaina nake tsoro. Yatsana yana jikina. In buɗe in ɗebi kaɗan, in mayar da laka in danna, gobe ma haka, wa zai sani? Wannan kuwa ba ni da irinsa, ba wanda yake da irinsa a garin nan."

Na danna dutsen a kan ɗanyar lakar, hannuwan suka fito tsaf. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ki ji ni da kyau. Ko ni ce na zo miki ina kuka, ki hana ni. Kin ɗauka?"

Na ce na ɗauka, ina murmushi. 'Yar gidan 'yan kasuwa ce ni, yunwar da na sani a lokacin ba ta wuce ta azumi ba.

Maigida ya tafi cin rani kudu. Abin da yake aikowa yakan zo, yakan ƙi zuwa. Rumbu ya ƙare tun sanyi bai gama fita ba. Muka koma saƙar tabarmar kaba muna musanyawa da dusa, muka ci tafasa, muka daka goruba, muka bi matan ƙauyen Dagona tonon bado a busasshen tafki. Maƙwabta ɗaya bayan ɗaya suka fasa tulunan irinsu, ana jin ƙarar turmi a gidan da ya kwana biyu shiru, kowa ya san abin da aka daka, ba mai cewa komai. Namu tulun yana kusurwar ɗakin Inna, kullum in na shiga shara sai mun haɗa ido da shi.

Yarinyar ce ta fara karya mana zuciya. Ta rame, gashinta ya yi ja, ta daina gudu a tsakar gida. Wata rana bayan azahar na ba ta faten dusa da tafasa, ta kawar da kai, ta yi wani kuka marar ƙarfi, irin na ɗan akuya. Inna ta ɗauke ta ta rungume, ta daɗe tana jijjiga ta. Can sai ta dube ni.

"Rabin mudu kawai. In dama mata kunu. Ki sake danna zobenki, ba wanda zai sani."

Na ce, "Inna, a'a."

"Ni na zuba shi, ni na liƙe. Gerona ne."

"Naki ne. Ga taɓarya can, ki fasa da rana tsaka kowa ya gani. Amma ni ba zan sake dannawa ba. Ke kika ɗora mini wannan kayan, ban roƙe ki ba."

Hawaye na zuba a fuskarta ta ce, "Anya ke kika haifi yarinyar nan kuwa?"

Wallahi har yau ban manta maganar nan ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na ji kamar in ɗauki taɓaryar da kaina. Na kuma san abu ɗaya: in ta sake roƙona gobe, zan ba ta. Kuma rabin mudu ba ya tsayawa a rabin mudu, kafin ruwa ya sauka tulun zai koma toka zalla, mu shiga wata shekarar ba abin shukawa.

Washegari da safe na goya yarinyar na nufi tasha. Inna ta daɗe da kafa mini doka cewa kada in kuskura in kai kukan gidanta wurin surukanta, wato iyayena, ita ba ta roƙo. Na taka dokar. Wani direban motar fatu ya tausaya mana ya ɗora mu a baya, muka sha wari da rana har Nguru.

Mahaifiyata na ganin jikarta ta saka salati. Su ma ba a wadace suke ba, amma gidan ɗan kasuwa ba ya rasa ɗan abin da zai taɓa. Kakata ta riga ta rasu a lokacin. Wanda na tarar sabo a gidan shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana aikin gini a Libiya. Na zare zoben na miƙa masa, na ce ya ajiye mini, kada ya ba ni ko na aiko, sai ruwa ya sauka. Na ba shi labarin tulun.

Ya ɗaga zoben sama yana kallon dutsen ta cikin hasken rana, sai ya kwashe da dariya. Ni kuwa raina a ɓace, na ce, "Kawu, abin dariya ka gani?"

Ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Kin san abin da kike yawo da shi a yatsa kuwa? Wannan aikin Rumawan dā ne, tun kafin zuwan Musulunci."

Ya ce a can Libiya, a bakin teku, akwai kufan garuruwansu, ginshiƙan dutse tsaitsaye ba rufi, in an yi ruwan sama yara kan tsinci irin waɗannan duwatsu a cikin yashi. Wani tsohon Balarabe da ke kusa da masaukinsu yana tara su a faranti, shi ya riƙa nuna masa. Da ɗan siririn ƙarfe mai juyawa da garin dutse ake cin jikinsu a hankali har hoto ya fito. Akwai mai zaki, akwai mai gaggafa, akwai mai jirgin ruwa, akwai mai wata mace rungume da ƙaho cike da 'ya'yan itace. Kowanne da abin da yake nufi. Zaki ƙarfin zuciya, jirgi fatan dawowa gida lafiya, mai ƙahon nan kuma arziki. Mutum yakan zaɓi abin da yake buri ya sa a yatsa, ya zama hatiminsa.

Na ce, "To nawa fa?"

"Hannu cikin hannu alkawari ne. Zangarniyar kuma alkama ce, wato ƙoshi."

"Gero ne."

"Alkama ce, ina Rumawa suka ga gero?"

"Kawu, ni na gan shi a kan laka, gero ne."

Ya ce to, ya bar mini. Sannan ya ce abin da ya ba shi dariya shi ne, su ma Rumawan abin da suke yi da shi ke nan. Su liƙe bakin tulun mai ko ƙofar ɗakin hatsi, su danna zobe, don a gane in an taɓa. Dutsen nan ya ƙetare hamada a kan raƙumi, ya yi zaman ado a yatsun matan gidanmu, sai a hannun tsohuwar Gashuwa ya koma bakin aikinsa.

Tun ranar da na ce wa Inna a'a nake ganin kaina muguwa, uwar da ta zaɓi tulu a kan 'yarta. Yanzu sai na riƙa tunanin wanda ya fara sa dutsen nan. Ban san sunansa ba, ban san yarensa ba, amma mutumin da ya sa aka sassaƙa masa alkawari da hatsi wuri guda ya san abin da na sani. Ya taɓa rufe tulu cikinsa na kuka. Na ji sanyi a raina, na ji ba ni kaɗai ba ce.

Mahaifiyata ta ce yarinyar ba za ta koma ba sai ta murmure, kuma gaskiyarta ce. Na bar ta tana barci don kada ta ga fitata. Na koma Gashuwa da rabin buhun masara da ɗan garin rogo, ba goyo a bayana, ba zobe a yatsana.

Inna ta dubi bayana, ta dubi buhun, ta juya ta shige ɗakinta. Na kai ƙararta gidan surukai, na kuma raba ta da ƙawarta. Daga ranar magana ta ƙare tsakaninmu sai ta dole. Mu ci tuwon masara a kwano ɗaya, kowa na kallon gefensa. Na sha kuka a bayan ɗaki don kewar 'yata, in wanke fuska in fito ina cin magani, don ni ma ba zan fara ba.

Haka muka kai ƙarshen bazara. Gabas ta fara haɗa hadari yana watsewa, har ranar da ya ƙi watsewa. Ruwa ya sauka mai yawa, ƙasa ta jiƙu har zurfin kamu. Maigida ya dawo a rame, da sungumi a kafaɗa tun kafin ya huta. Inna ta fito da tulun tsakar gida, hatimin yana nan yadda na danna shi, ta sa bakin lauje ta ɓalle lakar. Ƙanshin toka ya tashi. Ta tura hannu ta ɗebo, ta hure. Geron nan fes, ko ƙwaro ɗaya babu.

Kafin mu fita maƙwabta sun fara sallama, kowa da ɗan ƙoƙonsa a ɓoye cikin mayafi. Inna ta ware abin da zai ishi gonarmu, sauran ta riƙa zuba musu da tafin hannu. Maigida na sara, ni da ita muna bi muna jefawa muna takewa, har muka gama ba ta ce mini sannu ba.

Bayan 'yan kwanaki aka sake ruwa. Da safe muka je duba gona, ni da ita. Tun daga nesa na hango layi-layi kore a kan jan yashi, ko'ina ya tsiro. Inna ta tsuguna ta shafa wani ɗan tsiro da bayan yatsa. Ba ta ɗago ba ta yi magana.

"Da kika tafi Nguru na ɗauki taɓarya na shiga ɗakin nan. Ba sau ɗaya ba. In na ɗaga sai in ga hannuwan nan riƙe da juna, ko ɗaya bai saki ba. Sai kunya ta kama ni in ajiye."

Ta miƙe tana karkaɗe zaninta, ta dube ni ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ke kika haife ta. Na sani tun ranar. Gobe ki shirya ki ɗauko mini ƙawata, ta zo ta ga geronta."

Na zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen yashi na fashe da kuka, ita kuma ta tsaya a kaina tana faɗa wai in tashi zan danne mata shuka.