Zuwa Kano Don Kawu Ilu Ya Ga Kaza da 'Ya'yanta

Na fita daga gidana a Birni, cikin Damagaram, kafin kiran assalatu, da rediyo biyu a jaka. Sana'ata sayar da rediyo da agogo ce, ina kuma ɗaukar hoton katin shaida da wata ƙaramar kyamara. Na sha ɗaga ta sama don sha'awar taurari, amma baƙi ƙirin take ba ni. Kawu Ilu na Garagumsa ne ya sa ni tafiyar. Shi ya koya mini sunayen taurari ina yaro, yanzu kuwa yanar ido ta ci ƙarfin ganinsa, sai abin da aka kai masa dab da hanci. Ya ce burinsa ya ƙara ganin Kaza da 'ya'yanta, taurarin da yake dubawa ya ce wa gari a gyara iri.

Damagaram zuwa Kano

Kamiyon fatu na samu, babbar motar kaya, don a shekarar farin nan fata ce kaɗai ta yi yawa. Muka sha shayi a Matamaye da hantsi. A iyaka wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya buɗe jakata.

"Alhaji, rediyo biyu? Kunne nawa gare ka?"

"Biyu ne, ranka ya daɗe, kowane da nasa."

Ya yi dariya, ya ce in wuce. Mun shiga Kano bayan la'asar, na sauka wurin wani abokin ciniki a Fagge.

Kano

Da safe na zaga shagunan Sabon Gari har na sami abin da nake nema: kyamara mai barin idonta a buɗe har sai ka saki, da ƙafa uku ta tsayawa, da fim mai jin ɗan haske. Mai shagon ya nemi rediyon biyu da agogon hannuna. Na miƙe zan tafi, ya haƙura da agogon.

"Biki za ka ɗauka?"

Na ce, "Taurari."

Ya dube ni, ya sake kunna rediyon ya tabbatar su dai lafiyarsu ƙalau.

Garagumsa

A dawowa na sauka Takyeta, na hau amalanke zuwa garin Kawu. Rumbuna wayam. Tuwon jar dawar taimako muka ci da miyar kuka, ya kuma ciyu. Bayan isha'i na kafa kyamara a bayan gida. Farin da ya hana mu komai ya bar mana sama tas, ko ɗigon girgije babu. Nakan buɗe ta, in karanta Ƙulhuwallahu uku, in rufe. Kawu na zaune a tabarma yana gyara mini.

"Ba nan ba, ɗan nan. Yanzu Kazar ta wuce saman gawon gidan liman."

Can take kuwa. Washegari na taho da Kawu Damagaram.

Gida

Na kai fim wurin Musa mai wanke hoto, mutum mai tsabtar aiki. Da yamma ya miƙo mini takarda baƙa wuluk.

"Ƙura ta ɓata maka fim, Alhaji. Wuni na yi ina toshe fararen ɗigon nan da tawada. Ba sai ka ƙara mini komai ba."

Na ce, "Malam Musa, ƙurar nan na je Kano dominta."

Da Allah ya taimaka, takardar ya taɓa, fim na nan lafiya. Ya sake bugawa a babbar takarda, na tsaya a kansa har ta bushe.

Kawu ya fito tsakar gida inda rana take, ya kai hoton dab da idonsa na dama. Ya daɗe yana bin sa da yatsa.

"Ita ce," in ji shi. "Amma ni 'ya'ya shida na san ta da su. Waɗannan ƙananan fa?"

"Suna nan tun da, Kawu. Ido ne ba ya kai musu."

Ya jinjina kai. "To, madalla. Ashe bana akwai wadda ta hayayyafa."

Ya hana kowa taɓa hoton, ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, yanar idon Kawu kuma ba ta riga ni ba.