Kwali a Gaban Motar Gawa

A Maracaibo, birni mai tsananin zafi, kowa likitan na'urar sanyaya mota ne, kuma maganin kowa ɗaya ne: a ƙara gas. Wani makanike mai suna Don Hermágoras Urdaneta ya shekara talatin da huɗu a gindin mangwaro yana ƙin wannan magani. A cewarsa gas ba ya ƙarewa, guduwa yake yi, sai a nemo ƙofar da ya bi. Kayan aikinsa agogon awo biyu ne, da ruwan sabulu a gwangwani, da tafin hannu. Tasa motar kuwa ba ta sanyi, wai bai samu lokaci ba.

Wata Talata da hantsi, Nerio direban motar gawa ya shigo da tsohuwar Chevrolet ɗinsa, tana hura iska kamar gidan burodi. A baya akwai marigayi Don Ovidio, wanda ya bar wasiyya a binne shi a garinsu, tafiyar awa biyar. Ya riga ya kwana ɗaya da rasuwa, kuma a zafin nan ba zai jure hanyar ba. Matarsa Doña Eudomira tana gaba tana fifita.

"Zuba gas kawai, mutumina," in ji Nerio. "Jiya ma na ƙara."

"Da matsalar gas ce, ai da yanzu Don Ovidio ya nemi bargo," in ji Hermágoras.

"Ɗana, shekara arba'in yana makara," in ji matar. "Kada ku sa ya makara a wannan ma."

Hermágoras ya ɗaura agogo, ya ga gas har ya yi yawa. Ya shafa sabulu a tiyo, babu kumfa. Kwamfaresa mai tura gas ɗin tana kamawa tana saki. Sai ya ɗora tafinsa a hancin motar, bai ji fanka tana jan iska ba. Ya kwanta, ya zura hannu, ya zaro faffaɗan kwalin biskit da ya tare hanyar iska.

"Ina ka kai motar nan?"

"Mérida, makon jiya. Ka san sanyin dutsen can. Cewa aka yi in rufe wa injin ƙirji."

"Ka kyauta masa. Ka dai manta ka sauko."

Ya rage gas ɗin jiya, ya ce a tayar. Injin ya yi aiki kusan minti uku. Doña Eudomira ta kara hannu a bakin iskar, ta jima, sannan ta ajiye mafici ta murɗa gilashi sama.

Kafin ƙarfe huɗu suka isa. Aka buɗe akwatin, 'yan uwa suka matso kusa sosai, babu mai toshe hanci, suka yi ban kwana da shi.