Rijiyar Inna Ba a Nan Take Ba

Ni dai ban taɓa jin kunyar wasan kwamfuta ba. Malamar lissafi ce ni, da 'ya'ya uku, amma in na dawo daga makaranta na sauke tukunya na yi la'asar, sai na buɗe kwamfutata na yi awa guda ina gini. Wasan jera tubala ne, a ba ka fili fetal ka tayar da abin da ranka ya so, gida ko gada ko gari guda. Yayana ya sha ce mini, "Ke da girmanki, sai ka ce 'yar firamare." Amsata ɗaya ce kullum: shi da yake ƙarar da yammacinsa a majalisa yana musun ƙwallon da bai buga ba, me ya taɓa ginawa?

Wata damina katangar gidanmu na Ƙofar Ran ta zube, ta tafi da rabin ɗakin mahaifiyarmu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane Inna ba ta yi ba. Magina suka duba suka ce sai an rushe gidan duka, aka rushe, ni kuma na ɗauko ta zuwa gidana a Inkil. Tun tana amarya take cikin gidan can, a nan ta haife mu, a nan aka yi wa mahaifinmu wanka aka fita da shi.

Daga ranar Inna ta yi shiru. Matar da in ta fara faɗa a madafi har masu wucewa a titi sai sun jiyo, ta koma "to" da "a'a". A kai mata tuwo, ta yi loma biyu ta ture. Likita ya auna ya ce bai ga ciwo ba. Yaya ya kawo rubutu, maƙwabciyata ta yi ta aiko da gwate mai zafi, duk a banza. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Wallahi na tsorata, don ina kallo uwata tana ƙarewa a zaune.

Sai dai na san halin kayata. Inna ba ta iya ganin abu a karkace ta haɗiye magana. Ko ɗankwali ka ɗaura ba daidai ba, sai ta tanka.

Na shimfiɗa tabarma a baranda kusa da ita, na ajiye kwamfutar yadda za ta hango. Na fara tayar da gidanmu. Zaure, tsakar gida, ɗakinta, madafi, bishiyar gwaiba. Rijiya kuwa, wadda take bayan madafi tun kafin a haife ni, da gangan na haƙa ta a bakin zaure.

Ranar farko ko kallo ban samu ba. Rana ta biyu na kama ta tana satar kallo ta wutsiyar ido. A rana ta uku ina cikin ɗora wa rijiyar baki na ji muryar da na yi wata biyu ban ji ba.

"Wannan kuma gidan uban wa ne?"

"Gidanmu ne, Inna."

"Gidanku? A gidanku ne aka haƙa rijiya a bakin zaure, baƙi su riƙa afkawa? Kai, boko dai bai yi miki rana ba. Cire ta!"

Na cire cike da murna. Ta matso, ta dangwala yatsa a fuskar kwamfutar ta nuna mini bayan madafi. Daga nan ta gano gwaibar ma ta yi kusa da katanga, ƙofar ɗakinta kuma gabas take kallo. Ta yi faɗa har maƙogwaronta ya bushe, ta ce a miƙo mata kunu. Ta shanye kofi guda tas.

Shi ke nan na samu sana'a. Kullum da la'asar sai na ɓata abu ɗaya. Yau in kai turken awaki inda murhu yake, gobe in manta da tagar ɗakin Baba. Kowane gyara kuma da labarinsa: wanda ya dasa gwaibar, shekarar da guga ya faɗa rijiya aka kwana uku ana neman mai shiga, kusurwar da take ɓoye mana ƙuli-ƙuli. Tuwo ya fara ƙarewa a kwanonta. Da Yaya ya zo ya tarar tana zazzaga mini masifa a kan akurkin kaji, tsayawa ya yi baki buɗe. Na ce masa, "Yaya, gaishe da 'yar firamare mana."

Matsalar ita ce gida yana da iyaka. Bayan 'yan makonni komai ya zauna a mazauninsa, ƙaryata ta ƙare. Wata la'asar na buɗe mata gidan cif, ba abin gyara. Na zagaya da ita daga zaure har ɗakinta. Ta duba, ta sake dubawa, ta yi shiru. Kwanon tuwonta yana gefe a rufe. Na ce a raina shi ke nan, mun koma gidan jiya.

Can ta ce, "Yau ba ki ɓata komai ba?"

Na ce, "Na'am?"

"Ke kina tsammanin ban sani ba? Yarinyar da na raina tana jan ruwa a rijiyar nan har tafin hannunta ya yi kanta, ita ce za ta manta inda take?" Ta share ido da gefen mayafi, ta harare ni. "Mayar da ita bakin zaure. Ki turo mini kwanon nan kuma, in ci in samu ƙarfin yi miki faɗa."